Mutumin da Yake Sa wa Ɓeraye Lalle

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baffana ya rasu wata Talata da hantsi, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar, kuma tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba aka fara yi masa ƙarya a tsakar gidansa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Ni malamar makaranta ce, aikina gyara wa yara rubutu da jan biro, amma duk danginmu an san ba na iya haɗiye magana, wannan kuwa ko na so ba za ta haɗiyu ba.

Zaman makokin ya tara jama'a, ba laifi. A ƙofar gida, nan unguwar Dala ta Maiduguri, an shimfiɗa wa maza tabarmi a ƙarƙashin darbejiya. 'Yan kasuwar kifi ta Baga Road sun zo tawaga guda saboda mahaifina, ƙamshin banda na biye da su har cikin zaure. Ina ji ta taga ɗaya daga cikinsu yana cewa, "Allah Ya jiƙan Baban Ɓeraye. Mutumin kirki ne, sai dai aikin nan nasa." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, sannan aka shafa fatiha. A can ƙarshen tabarma wani dattijo ne zaune shi kaɗai, hularsa a hannu. Abokin aikin Baffa ne, Kirista daga kudancin Borno, sun shekara fiye da ashirin suna wanke keji tare. Shi ne kaɗai namijin da na ga yana kuka bai damu da wa ke kallonsa ba.

A cikin gida maƙwabta na ta shigowa, ana gaisuwar Barebari, "wushe, wushe, ya haƙuri," Inna matar Baffa tana amsawa kanta a sunkuye, carbi a hannu. Can sai ga Gwaggo, babbar yayarsu Baffa da mahaifina. Ta zauna, ta share hawaye da bakin mayafi, ta ɗaga murya yadda har na bakin rijiya za su ji.

"Allah sarki ɗan'uwana, ya tafi bai bar baya ba. Da ya ji maganarmu da yanzu gidan nan cike yake da jikoki. Amma ina! An shiga an fita an ɗaure shi, har aka sa ya ɗauki laifin wata ya ɗora wa kansa."

Wallahi ban san lokacin da na yunƙura ba. Sai na ji an kama gefen zanena an ja. Inna ce. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Zauna." Na zauna. Abin da Gwaggo ta faɗa yana nufin abu biyu: Inna juya ce kuma mai asiri, Baffa kuwa maƙaryaci ne ko wanda aka juya wa hankali. Mutumin da ya kwashe shekara goma sha bakwai yana maimaita gaskiya guda, ga shi ana shirin binne ta tare da shi.

Bari in faɗi ko su wane ne mu. Kakanmu daga Kano ya zo Maiduguri fataucin busasshen kifi, ya ga wuri ya zauna. 'Ya'yansa duk kifin suka gada in ban da Baffa, autansu, wanda ya yi firamare ya kuma auro Babarbariya 'yar Dala ba da son dangi ba. Shekara uku da auren ba haihuwa, sai aka ɗauke ni ina 'yar shekara huɗu aka ba su riƙo, wai ko kukan yaro a gida zai jawo rabo. Rabon bai zo ba, ni kuma ban koma ba. A hannunsu na girma, daga ɗakinsu aka kai ni gidan miji.

Wajen lokacin da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira Baffa ya samu aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje na gwamnati, inda ake koya wa ɗalibai aikin lafiya. Aikinsa kiwon fararen ɓerayen da ake gwaji da su. Ya ba su abinci, ya canja musu diddigar katako, ya haɗa mace da namiji su hayayyafa, ya fitar da waɗanda malamai suka nema. Dangi suka ce ya zubar musu da mutunci. Gwaggo takan ce kowa yana kashe ɓera a gidansa, ɗan'uwanta shi ne yake yi wa ɓera bauta. Shi kuwa ko a jikinsa. Kullum da yamma zai jingine kekensa a zaure, ya wanke hannu da jan sabulu har gwiwar hannu, ya cire kakin aiki ya rataye a ƙusa, sannan ya yi sallama. Ban taɓa ganin ya shigo wa Inna tsakar gida da kayan aiki ba, sai rana guda, zan zo kanta.

Yana da wata magana da ta zame masa jiki. Duk labarin da ka kawo masa, in ba ka gani da idonka ba, sai ya karkata kai ya ce, "Wa ya duba?" An ce rijiyar wane akwai aljani. Wa ya duba? An ce yarinyar wane ta lalace. Wa ya duba? Har haushi yake ba ni ina yarinya, don ba a jin daɗin kawo masa tsegumi.

Sai kuma lallen. Ɓerayen nan duk farare ne, idanu jajaye, ba ka bambance wannan da wancan. Tawadar da ake yi musu alama da ita ta ƙare, aka rubuta takarda aka yi ta jira, shiru. Wata rana Baffa yana zaune Inna tana cire lalle daga ƙafarta, ya zuba wa tafin ƙafar ido, ya ce, "Wannan kwana nawa yake yi bai goge ba?" Kashegari ya tafi aiki da ƙullin lalle a aljihu. Kowane gida na ɓeraye ya ba shi alamarsa: waɗannan a ka, waɗancan a gadon baya, wasu a cinyar dama, wasu a gindin wutsiya. Duk Asabar yake sabuntawa. Inna ce take daka masa ta tankaɗe, tana yi tana tsokanarsa da Hausarta mai karin Barebari: "To, ango, a gaida amaren. Ni ko turare ba a sayo mini ba, su kullum ƙunshi." Ya yi dariya har ya ƙware. Ta dalilin lallen nan ya san uwar kowa da uban kowa har kakanni, a ka yake riƙe da su.

A gida kuwa abin ba na dariya ba ne. Na tashi na tarar Inna tana shan magani, kuma ban taɓa ganin ta huta ba. Gwaggo ce mai kawowa: saiwoyi a ƙulle cikin tsumma, sassaƙe, garin da ake damawa da nono, rubutu a kwalba. Akwai wani jiƙo da in aka buɗe tukunyarsa sai kaji sun bar wurin. Inna takan toshe hanci ta shanye, ta zauna ta dafe ciki, wani lokaci ta yi amai har ta galabaita. In an je suna a dangi, ana miƙa jariri daga hannu zuwa hannu, in an zo kanta sai a tsallake. Kalmar juya kuwa a gabanta ake faɗa, ana yi kamar da wata ake. Baffa bai taɓa zaginta ba, bai taɓa ɗaga mata murya a kan haihuwa ba. Amma gaskiya ɗaya ce, kuma shi da kansa ya sha faɗa: bai taɓa hanawa ba. Shi ma ya ɗauka daga ita ne, don haka kowa ya ɗauka. Mai tambayar wa ya duba bai taɓa kawo tambayar cikin ɗakinsa ba.

Yadda abin ya juya, ga shi, kamar yadda ya ba ni labari sau ba adadi, abokin aikinsa kuma ya sake tabbatar mini ranar sadakar uku.

A ɗakin ɓerayen akwai wata al'ada da ba wanda ya rubuta ta, haka suka tarar ana yi. In aka haɗa mace da namiji a keji suka yi wata uku ba 'ya'ya, sai a cire macen a kai wa ɗalibai su koyi fiɗa da ita, a kawo wa namijin wata. Akwai wani namiji mai lalle a ka da ya jawo aka yanka mata uku a haka. Aka cire ta huɗu za a kai, sai aka tarar ɗalibai sun tafi hutu. Abokin aikin ya rasa kejin da zai ajiye ta, ya jefa ta wurin wani namijin daban, kafin a dawo. Sati uku da 'yan kwanaki Baffa ya zo zuba abinci ya ji tsuwa a kejin. Ya ɗaga diddigar, sai ga 'ya'ya tara, jajaye, suna ta mutsu-mutsu a ƙarƙashin macen da aka yanke wa hukuncin juya.

Ya ce ya daɗe a tsaye da kwanon abinci a hannu. Daga nan ya ɗauko namijin nan mai lalle a ka ya kai wa shugabansu, wani matashin malami da kowa ke kira Dakta, ya ce a buɗe wannan a duba. Dakta ya feɗe shi a gabansu. Marainan da ya kamata su kai girman ƙwallon dabino, ga su nan kamar ƙwayar dawa. Ƙodojinsa ma sun tsumbure, ba su kai rabin na 'yan'uwansa ba. Dakta ya yi ta murna, yana cewa wannan abin bincike ne babba. Baffa bai ji sauran bayanin ba. Ya ce shi matan nan uku yake gani, waɗanda ya ɗauka da hannunsa ya kai aka yanka, lafiyarsu ƙalau.

Ina gida ranar, na dawo hutu daga kwalejin horon malamai, shekarata goma sha shida. Azahar ko yi ba ta yi ba muka ji keke ya faɗi a zaure. Baffa ya shigo da kakinsa, bai wanke hannu ba, bai yi sallama ba. Inna tana tsugune ta tace jiƙon nan a ƙwarya za ta kai baki. Ya karɓe ƙwaryar ya tuntsurar a magudana. Ya ɗauki tukunyar ita ma ya juye, har saiwoyin. Inna ta ce, "Lafiya? Yaya fa ta ce daga Gaidam aka kawo shi."

Ya durƙusa a gabanta, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce, "Shekara goma sha biyar kina shan wannan, ni ko sau ɗaya ba a ce in buɗe baki a duba harshena ba. Daga yau kin gama. Gobe ni zan je asibiti. Ki yafe mini."

Inna ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Tashi, yarinya na kallo." Ta shige ɗaki ta saki labule.

Ya je. Aka yi ta aune-aune kusan wata guda, ya dawo da takarda. Likitoci suka ce ba zai haihu ba, kuma da alama haka aka haife shi. Suka ce ƙodarsa ma ƙanana ne, ya rage gishiri, ya riƙa zuwa ana dubawa. Ina so a fahimce ni a nan, don an sha juya masa magana. Baffa bai taɓa cewa ciwonsa da na ɓera ɗaya ba ne. Yakan ce, "Ni ba likita ba ne, mutum kuma ba ɓera ba ne. Ɓera dai ya nuna mini inda ban duba ba." Bai kuma ce mace ba ta samun matsala ba, don a cikin ɓerayen ma daga baya ya samu mata masu irin wannan lalura. Abin da ya ce shi ne a duba kowa kafin a yanke hukunci.

Ana cikin haka dangi suka kira shi gidan mahaifina a Moduganari, wata Juma'a bayan an sauko. Sun samo masa bazawara, 'ya'yanta huɗu a gidan mijinta na fari, an gama magana saura sa rana. Mu mata muna daga bayan ƙofar zaure muna ji. Baffa ya bari suka gama, ya zaro takardar asibiti ya ajiye a kan tabarma.

"Ku bar baiwar Allah ta auri wanda zai ƙara mata na biyar. Ni ba na haihuwa. Ga shi a rubuce."

Mahaifina ya ce, "Kai, rufe mana baki! Namiji ba ya faɗin haka."

"To me namiji yake faɗi, Yaya? Ko huɗu kuka jera mini haka za a yi ta zama. In ɗauko 'yar mutane in sa ta a layin shan madaci, bayan na san inda abin yake? Ba da ni ba."

Gwaggo ta bankaɗe ƙofa ta shiga tsakiyar maza. "An gama da kai! Wallahi an gama da kai! Babarbariyar nan ta shanye ka, ɓerayen nan sun ƙarasa maka kai. A gidanmu ba a taɓa yin namijin da ba ya haihuwa ba."

Baffa ya ce, "Ƙanin Baba fa, da ya saki mata uku ya mutu ba ɗa? Su ukun duk juyoyi ne? Biyu daga cikinsu sun haihu a wani gidan, ke ma kin je sunan."

Ya naɗe takardarsa, ya sa a aljihu, ya hau kekensa.

Na zaci Inna za ta yi murna. Tabɗi! Ranar na ga faɗan da ban taɓa gani ba a gidan. Tana tuƙa tuwo ta jefar da muciya. "Wa ya aike ka? Ni na kai maka ƙara? Ni sunan ya riga ya zauna a jikina, na saba da shi, ina cikin gida. Kai fa? Gobe za ka ratsa kasuwa, za ka shiga masallaci. Ka tsaya a gaban maza ka tuɓe kanka!"

Ya ce, "Kayana ne kike ɗauke da su. Na zo karɓa."

"Ban ba ka ba!"

Kwana uku ba ta yi masa magana ba, sai ta ajiye abinci ta juya. Shi kuma ya ci ya ce an gode, kamar baƙo. A rana ta huɗu ya tarar da ƙullin lalle a kan sirdin kekensa, an daka an tankaɗe. Suka ci gaba da zamansu, amma a kan wannan magana har ya mutu ba su daidaita ba. Ita tana so a yi shiru, shi ya ƙi.

Kuma ya sha abin da ta hango masa. A kasuwar kifi in ya gifta sai a yi ta tari na gangan. Wani ya taɓa ce masa a bainar jama'a ko zai ba da aron hularsa tunda ba ta da amfani a kansa. Baffa ya cire hular ya miƙa masa ya ce, "Ga ta, in ita ce ke haihuwa." A wurin ɗaurin aure ko suna, da ya ji an ce matar wane juya ce, ko bai san su ba sai ya juya ya ce, "An duba mijin?" Sannu a hankali aka daina kawo masa goron gayyata. Amma akwai abin da masu tarin ba su sani ba. Maza nawa ne suka zo zauren nan da sassafe, suna kame-kame, wai sun zo gaisuwa? Sai ya ba su shayi, ya ɗauko kekensa ya raka su asibiti ta hanyar baya, ya zauna a benci har su fito. Bai taɓa faɗa mini sunan ko ɗaya ba. Na dai gane biyu a cikin masu zaman makoki, ba su yi dariyar Baban Ɓeraye ba.

A wurin aiki kuwa ya duƙufa. Shi da abokin aikinsa suka hana a sake fitar da mace sai an gwada ta da namiji na biyu. Ya samo alli ya fara zana salsalar gidan masu lalle a ka a jikin bango: wannan ya haifi wannan, wannan ta auri wancan, duk wanda aka feɗe aka samu da lalurar sai ya zagaye shi. Bango ɗaya ya cika ya koma na biyu. Da kansa ya gano cewa iyayen masu lalurar lafiyarsu ƙalau a ido, abin yana ɓoye ne a jikinsu, ba ya fitowa sai uwa tana ɗauke da shi uba ma yana ɗauke da shi, kuma ko a haka ba duk 'ya'yan yake kamawa ba. Dakta ya gaya masa cewa a wasu ƙasashe masana kan bi irin wannan zuriya har su gano ainihin gurbin da matsalar take a cikin ƙwayoyin gado, kamar mai neman gida guda a unguwa, amma sai an riƙe zuriyar da rai. Baffa ya ce, "Su nemo gidan. Ni zan riƙe musu unguwar."

Ya riƙe kuwa. Da zamanin tsuke bakin aljihu ya zo, abincin ɓeraye ya yanke, Dakta ya samu aiki a waje ya tafi. Wanda ya gaje shi ya leƙa ɗakin ya ce a kashe wannan zuriya, me za a yi da ɓerayen da ba sa haihuwa, a kuma shafe bangon da fenti. Baffa ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ranka ya daɗe, abincinsu kake ji? Na ɗauke maka. Bango kuwa sai dai ka fara sallamata." Mutumin ya ga tsohon ba wasa yake ba, ya kaɗa kai ya wuce. Daga ranar Baffa yake bi gidaje yana karɓar dusa, da yamma ya biya rumfar mahaifina ya share ɓurɓushin banda da ke zuba ƙarƙashin kwanduna. Shekara biyu ba sa magana da mahaifina tun rikicin zaure. Wata rana ya je ya tarar an riga an share an ɗaure masa a buhu. Mahaifina yana kallon titi ya ce, "Ka ɗauka, yana tare mini wuri." A haka suka shirya.

Ban san ko masanan can sun gano gidan da suke nema ba. Na dai san bayan Baffa ya yi ritaya zuriyar ta ƙare, bangon ya sha fenti, kuma ba wata takarda a duniya da ke ɗauke da sunansa. Wannan yana ƙona mini rai har gobe. Shi ko da na yi masa ƙorafi cewa ya yi, "Ai ɓerayen sun yi mini aikin da zan gode musu."

Ƙodar ce ta kai shi. Ƙafafu suka kumbura, fuska ta biyo, abinci ya daina zama. Ana saura kwana biyar ya cika, ya sa aka kira mahaifina da Gwaggo bakin gadonsa a asibiti. Muryarsa ta shige ciki amma hankalinsa garau. Ya ce, "Ba ni da wasiyyar dukiya. Ku nemi gafarar matar nan ina da rai in ji." Mahaifina ya sunkuyar da kai ya ce wa Inna, "Mun zalunce ki. Ki yafe mana." Gwaggo ta gyara mayafi ta dubi taga ta ce, "Zafin ciwo ne." Baffa ya rufe ido. Bai sake tayar da maganar ba, ƙarfinsa ya ƙare.

Na jira har Inna ta fita takaba. Na same ta da hantsi tana tsince shinkafa a faifai, na ce mata zan rubuta komai, da takardar asibiti da zauren Moduganari, amma ba zan yi ba sai da izininta. Na shirya wa faɗa. Ta daɗe tana tsintar tana zubarwa, sannan ta ajiye faifan.

"Kin tuna ƙyandar da kika yi, shekarar da aka kawo ki?"

Na ce an dai ba ni labari.

"Kwana takwas muka yi a asibiti. Akwai wata likita mace, ta ga ina goyon ki ta tambaye ni ko ke ce ta fari. Na gaya mata gaskiya. Ta shigar da ni ɗaki ta duba ni, kashegari ta sake dubawa. Ta ce, ni ban ga komai a jikinki ba, ki kawo mijinki." Ta ɗaga ido ta dube ni. "Ban kawo shi ba. Ban gaya wa kowa ba, ke ce ta farko."

Da ƙyar na ce, "Inna, shekara goma sha biyu kina shan abin nan da saninki?"

"Da sanina. Na ga yadda ake yi da ni, na ce ni zan iya, shi ba zai iya ba. Ashe raina shi na yi." Ta share ido da bayan hannu. "Na yi shiru don kada a wulaƙanta shi. Yanzu shirun nawa ne yake mayar da shi maƙaryaci yana kwance a kabari. Ban yarda ba. Ki rubuta duka, da nasa da nawa, kada ki rage ko kalma."

Na ce to.

"In kin gama kuma kada ki fara kai wa kowa. Ki kai wa Gwaggonki. Ni zan raka ki. Ki karanta mata da ƙarfi, kunnenta ya yi nauyi."

Ya Allah, bawanKa ya zo gare Ka bai bar ɗa ba, ya bar gaskiyar da ya saya da mutuncinsa a idon mutane. Ka yafe masa shekarun da bai duba ba, Ka haskaka makwancinsa, Ka sa ya huta. Na gama rubutun jiya. Inna ta aiko a gaya mini ta wanke mayafinta, ranar Juma'a bayan an sauko za mu je.